Wane Bayero ne na Jami'ar Bayero? Gardamar da ta kai mu har Samaru

Uwar 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku taya ni murna, babbar 'yata ta samu gurbin karatun likita a BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano. Amma tun jiya gidanmu ya kaure da gardama. Ƙaninta ya dage sunan marigayi Sarki Ado aka sa wa jami'ar, babansu ya ce sam. Sannan an ce mata za ta fara a Tsohuwar Jami'a, wasu abubuwan sai ta je Sabuwa, ƙarshe kuma ta koma asibitin Malam Aminu Kano. Don Allah makaranta ɗaya ce ko uku? Ni hankalina bai kwanta da wannan yawon ba.

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Barka Hajiya, Allah ya sanya albarka, ya sa a gama lafiya.

Ɗan Ƙofar Famfo: Masha Allah Anti, Allah ya ba ta sa'a. Maigida ne da gaskiya. Sunan Sarkin Kano Abdullahi Bayero ne, mahaifin Sarki Ado, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A gaya wa yaron ya duba shekarun kawai: an sa wa makarantar sunan Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, shi kuwa Sarki Ado a 1963 ya hau gadon sarauta. Da aka taƙaita sunan ya koma Bayero kaɗai ne mutane suka fara rikicewa, ga shi Sarki Ado ya shekara fiye da hamsin a kan mulki, duk wanda ya ji Bayero shi yake tunawa.

Ɗan Samaru: Ina taya murna Hajiya. Tunda an taɓo tarihi, a fara daga tushe. BUK 'yar ABU ce, wato Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, reshenta ce ta Kano kafin a yaye ta. Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna ce ta buɗe ABU ranar 4 ga Oktoba 1962, da ɗalibai 426 da tsangayu huɗu, noma da injiniyanci da shari'a da kimiyya. Kuma tun ranar farko ba a wuri ɗaya take ba. Ga Samaru inda babbar haraba take da cibiyar binciken aikin gona, ga Kongo inda ake koyar da mulki da shari'a, ga Shika, ga kuma kwalejin Kano, daga baya aka ƙara kwalejojin noma a Mando ta Kaduna da Kabba. Jami'a ɗaya aka yi wa Arewa gaba ɗayanta, daga Sakkwato har Binuwai, dole ta baje. To yawon da Hajiya ke tsoro gado ne.

Baba Tsohon Malami: Hajiya barka da arziki. Ɗana na Samaru, shekarun da ka kawo daidai ne, amma kalmar 'ya da ka faɗa ce nake so mu tsaya a kanta, don ni a nan aka yi abin da idona.

Idan kana cikin gari ka nufi Ƙofar Nasarawa daga wajen gidan Sarki, akwai tsohuwar makarantar nan da kowa ke kira SAS, Makarantar Nazarin Larabci. A 1934 aka kafa ta, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a matsayin makarantar koyar da shari'a ta lardunan Arewa, don a samu alƙalai masu karatu a tsare. Daga Sudan aka ɗauko malamanta na farko. A 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Manyan malaman Arewa da yawa ta nan suka bi, Shehu Abubakar Gumi na cikinsu. To a cikin wannan makarantar ne aka buɗe wani sashe a 1960 don shirya ɗalibai shiga jami'a, aka sa masa suna Kwalejin Ahmadu Bello. Ka ji fa, 1960. Lokacin babu ABU, ba a buɗe ta ba tukuna. Da aka zo buɗe jami'ar Zariya bayan shekara biyu aka ba ta sunan Sardauna, sai ta Kano ta saki sunan ta ɗauki na Abdullahi Bayero, aka haɗa ta da Zariya. Ta yaya 'ya za ta riga uwarta zuwa duniya, har ma uwar ta karɓi sunanta?

Ni abin da nake kiran ABU shi ne uwar goyo. Ta goya, ta shayar, ta yi tarbiyya, ba mai musun wannan sai butulu. Amma cibiyar BUK a cikin birnin Kano aka binne ta.

Ɗan Samaru: Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓi gyara a kan 1960. Sai dai a yi mini uzuri in ƙara magana. Abin da aka buɗe a SAS ajin share fage ne, ba ya ba da digiri. Digirin farko da aka yi a Kano na ABU ne, manhajar ta ABU ce, majalisar malaman Zariya ce ke amincewa da sakamako. Da ba a jingina ta da jami'a ba, da wataƙila har yau makarantar share fage ce. Goyon da ya kai shekara goma sha biyar ai ya wuce a kira shi riƙo.

Baba Tsohon Malami: Wannan gaskiya ne, kuma shaidarsa tana cikin akwatina. Takardar digirina ta 1975 sunan Jami'ar Ahmadu Bello ne a samanta, alhali duk karatuna a nan Kano na yi shi, a keke nake zuwa daga cikin gari. Ɗazu da na ga maganarka sai da na sa jikana ya ɗauko mini ita, ta yi ja, gefenta ya fara cinyewa, na daɗe ina kallonta.

Bari in ƙarasa wa Hajiya labarin ƙaurar, don a nan amsar tambayarta take. Daga SAS, a 1964 kwalejin ta koma tsohon otal ɗin filin jirgin sama, wurin aro, da ɗalibai goma kacal masu neman digiri. Su ne suka fita a 1966. Shugabanta a lokacin babban malamin Larabcin nan ne na Sudan, Abdullahi Ɗayyib. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka dawo bayan badala tsakanin Dukawuya da Kabuga, wurin da yanzu kuke ce wa Tsohuwar Jami'a. Mu a wurinmu ita ce sabuwa fil. Lokacin da na shiga, Shehu Galadanci ne ke riƙe da kwalejin, kafin ya tafi ya zama shugaban farko na Jami'ar Sakkwato a 1975. In ka fito daga lacca da yamma, badala ce a gabanka, ga gonaki ta ɓangaren yamma, Kabuga kuwa ƙarshen gari ce. Ba mu da yawa, malami ya san sunanka, ya san unguwarku, in ka yi fashin aji kwana biyu zai tambaya ko lafiya. Rabinmu daga makarantun Larabci muka fito da Alfiyya, littafin nahawun Larabci, a ka, rabi daga sakandaren boko, aka zaunar da mu a benci ɗaya. Wannan haɗin shi ne abin da Kano ta kawo wanda ba daga Samaru aka aiko shi ba.

A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓi jami'o'in jihohi har da ABU, ta kuma kafa sababbi bakwai. Sakkwato da Maiduguri da Jos da Kalaba suka fara a matsayin jami'o'i, mu da Ilorin da Fatakwal muka fara a matsayin kwalejojin jami'a. A 1977 aka yaye mu, aka ajiye Abdullahi da kalmar kwaleji, ta zama Jami'ar Bayero, Dokta Mahmud Tukur ne shugabanta na farko. Babban zauren lacca na Tsohuwar Jami'a sunansa ke kai. Da wuri ya yi kaɗan sai aka nemi fili a kan titin Gwarzo, aka fara komawa can a shekarun 1980.

Uwar 'Yan Biyu: Ikon Allah. Baba na gode ƙwarai. Wallahi SAS ɗin nan kullum ta gabanta nake wucewa in za ni gidan yayata, ban taɓa kawo wa raina tana da alaƙa da BUK ba.

Malamar Hausa: Baba ya taɓo inda ke yi mini daɗi. Ku dubi tambarin jami'ar ma, jinjirin wata da tauraro, da sunanta da rubutun Larabci, takenta kuma ayar Suratu Yusuf ce, wa fauƙa kulli zi ilmin alim, wato a saman kowane mai ilmi akwai wanda ya fi shi sani. Makarantar da ta fito daga zuriyar alƙalai da malaman Larabci ce za ta zaɓi wannan.

Ni abin da nake so a ƙara shi ne hidimar da ta yi wa harshenmu, don ba a cika ambatonsa ba in ana lissafin gine-gine. Tun 1969, tana kwaleji, aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a nan Kano, ana aiki a kan Hausa da Fulfulde da Kanuri. Daga wannan cibiyar Ƙamusun Hausa ya fito a 2006, wanda ke bayyana kalmar Hausa da Hausa. Wanda bai koyar ba ba zai san girman wannan ba. Da can in ɗalibi ya tambaye ni ma'anar kalma, sai dai mu buɗe ƙamusun da ke ba da ita da Turanci, mu sake juyo ta gida. Yanzu nawa yana kan teburina a makaranta, bangonsa har ya rabu na ɗinke shi da zare. Kuma jami'a ce da masanin waƙar baka ta Hausa, Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir, ya shugabance ta daga 1986. Yaran da ke jin kunyar cewa Hausa suke karanta, ina so su riƙa sanin wannan.

Ɗalibi Daga Danbare: Iyayena ina gaisuwa. Tarihin ya yi daɗi, amma ku bari mu da muke ciki yanzu mu faɗi tamu. Ni tambayar Mama ce ta dame ni tun farko, don gaskiya ta faɗa, yawo ne. Ina haya a Danbare, tsallaken titi da Sabuwar Jami'a. Ranar da nake da abin yi a Tsohuwa tun bakwai nake fitowa bakin titi. Kafin a wuce Rijiyar Zaki a kai Kabuga, ga cunkoso, ga masu adaidaita sun ninka kuɗi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Akwai ranar da kuɗin abincin rana na ba mai adaidaita, na yini da ruwan leda biyu. Ba na ɗora wa kowa laifi, tsadar rayuwa ce ta same mu duka. Amma ina tambaya: filin titin Gwarzo yana da girman da za ka yi tafiya har ka gaji ba ka kai ƙarshensa ba, me zai hana wata rana a tattara komai a can?

Likitar Yara: Ƙanena, Allah ya sauƙaƙa, na san wannan hanyar, na bi ta shekaru. Amma akwai abin da ba ya tattaruwa. Hajiya, ga yadda karatun 'yarki zai kasance. Shekarar farko kimiyyar share fage ce. Sannan a shiga sanin sassan jiki da yadda suke aiki, wannan aji ne da ɗakin gwaji. Daga nan sai asibiti, don ba a koyon likita a allo, sai a gefen gadon marar lafiya. Marasa lafiya kuwa ba za a kwashe su a kai bayan Rimin Gata don ɗalibi ya huta ba, inda jama'a suke nan asibiti yake zama. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 1988 aka kafa shi, kuma shi ma da aro ya fara, a asibitin Murtala na cikin gari, kafin ya koma mazauninsa na titin Zariya. ABU ma haka ta yi, ɗalibanta na likita sun yi zamani suna rarrabe tsakanin asibitocin Zariya da Kaduna da Malumfashi kafin a koma Shika.

Kuma ba kullum za ta riƙa zagaya ukun ba. Mataki-mataki ne, in ta gama da wuri ɗaya ta matsa gaba. Shawarata ki nema mata ɗakin kwana kusa da inda ajinta yake a kowace shekara, kada ta riƙa tsallaka gari da asuba.

Uwar 'Yan Biyu: Alhamdu lillahi, Likita kin sauke mini nauyi. Ni na ɗauka kullum sai ta taka ukun.

Ɗan Gwammaja: Ku ƙara da namu, don ba uku ba ne. Gidan Malam Aminu Kano da ke nan Gwammaja, Mambayya, yana ƙarƙashin BUK tun shekarar 2000, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce. Malam ya rasu a 1983, kabarinsa yana cikin gidan, ɗakunansa da kayansa suna nan ana zuwa gani. Mambayya laƙabin mahaifiyarsa ne. Akwai kuma makarantar masu karatu suna aiki ta wajen Dala.

Ɗalibi, ni a nan na saba da kai. Ina ɗinki a bakin titi, ban yi jami'a ba. Amma sau da yawa in ana taro a Mambayya nakan rufe shago in shiga in zauna a baya, in ji farfesoshi da 'yan siyasa da 'yan ƙungiyoyi suna musu a kan zaɓe da kasafin kuɗi, wani lokaci da Hausa. Ba wanda ya taɓa tambayata katin makaranta. Da a ƙarshen titin Gwarzo ake yi, ina zan je? Jami'ar da ke da ƙafa a Gwammaja da titin Zariya da Kabuga ta fi kusa da talaka a kan wadda ta kulle kanta a daji.

Ɗalibi Daga Danbare: Yaya na fahimta, kuma asibiti da Mambayya na yarda su zauna inda suke. Tsakanin Tsohuwa da Sabuwa nake nufi. Can ma fa yanzu ba daji ba ne, gari ya cim mata har ya wuce, gidaje sun kai Janguza.

Ɗan Ƙofar Famfo: Ai sannu a hankali hakan ake yi, yawancin tsangayu da ofishin shugaban jami'a duk suna Sabuwa, har da makarantar kasuwanci da Ɗangote ya gina da cibiyar binciken noman ƙasa mai ƙarancin ruwa. Amma ni ba na fatan a bar Tsohuwa ta mutu. Unguwanninmu da ita suke numfashi: masu ɗaukar hoto, masu buga takardu, masu abinci, masu gidajen haya. In an yi yajin aiki mu muke fara ji. Na 2022 da ya yi wata takwas, layinmu kamar an yi shara.

Ɗan Sabon Gari: Ina bin ku tun ɗazu. Ina so in ƙara abu ɗaya, da girmamawa ga Baba. Tushen Larabci da Musulunci gaskiya ne, ba mai goge shi. Amma jami'ar tarayya ce, kuma mu ma tamu ce. A nan aka haife ni, a nan na yi digiri, ni Kirista ne. Shugabanta na biyu ma Farfesa Ezeilo ne, masanin lissafi daga Nsukka, lokacin da gwamnatin soja ta yi musayar shugabannin jami'o'i a 1978, aka kai Farfesa Umaru Shehu Nsukka, aka kawo Farfesa Akinkugbe ABU. Kuma ba na mantawa da Lahadin 29 ga Afrilu 2012, da 'yan bindiga suka afka wa masu ibada a Tsohuwar Jami'a, aka rasa ɗalibai da malamai har da farfesoshi. Abin da ya riƙe ni a ranar, abokan ajina Musulmi ne suka yi ta kirana har sai da suka ji muryata, ɗaya ya zo har gida da yamma ya zauna da mahaifiyata. In ana ba da tarihin makarantar a riƙa haɗawa da waɗanda suka rasu a cikinta.

Baba Tsohon Malami: Ɗana, ka yi daidai da ka faɗa, kuma ban yi nufin ware kowa ba. Wannan rana ta girgiza duk wanda ya taɓa zama a harabar nan. Allah kada ya maimaita mana. A zamaninmu ma akwai malamai Turawa da 'yan Sudan da 'yan Kudu, kowa da abin da ya zuba.

Malamar Hausa: Amin Baba.

Ɗan Samaru: Amin. Baba, na tsaya a kan uwar goyo, na karɓa. Abin da ya sa nake kare ABU shi ne ina ganin yaran yanzu ba su san nauyin da ta ɗauka ita kaɗai ba. Daga 1962 har 1975 babu wata jami'a mai cin gashin kanta a duk faɗin Arewa sai ita. Shugabanta na farko Norman Alexander ɗan New Zealand ne, sai Farfesa Ishaya Audu ya karɓa a 1966 ya riƙe har 1975, a hannunsa ta bunƙasa. Ko kwalejin horar da malamai ta nan Kano a ƙarƙashinta ta zauna, ta Bauci ma an taɓa mayar da ita reshen ABU daga 1984 zuwa 1988.

Ɗan Ƙofar Famfo: Ba mai ja da wannan. Kuma ka ga abin ya zagayo, yau BUK ce ke goyon wasu. Jami'ar Wudil da ta jiha da ke cikin gari, in ka bincika manyan malamansu da yawa daga BUK suka fito ko a can suka yi digirin ƙoli. Shugabanninta biyu a jere ma ƙasa ta ɗauke su: Farfesa Attahiru Jega daga kujerar ya tafi hukumar zaɓe a 2010, Farfesa Abubakar Rasheed da ya gaje shi ya koma shugabancin hukumar jami'o'i ta ƙasa a 2016. Shi Jega ma tsohon ɗalibinta ne, ya kuma jagoranci ƙungiyar malaman jami'o'i zamanin Babangida.

Uwar 'Yan Biyu: Na karanta wa yaran duka, ƙanin nata ya sallama. Yanzu ita ce ta dame ni wai sai mun je ta ga SAS da idonta kafin ta fara rajista. Baba, ana barin mutum ya shiga?

Baba Tsohon Malami: Makaranta ce mai aiki har yanzu, ku je da safe ranar karatu, ku yi sallama a ƙofa ku nemi izini wurin shugabanta, ku faɗi abin da ya kawo ku. In kun fito ku bi ta cikin gari ku ɓullo Ƙofar Famfo, sai ga Tsohuwar Jami'a a gabanku. Hanyar da nake bi a keke ke nan. Ki sanar da ni ranar, in ƙafata ta bar ni jikana zai kawo ni, in zo mata da takardar nan ta gani.

Likitar Yara: Hajiya ki turo mini saƙo ta gefe, akwai littattafan shekarar farko a wurina, sai in ba ta.

Uwar 'Yan Biyu: To Likita, yanzu kuwa. Baba, Talata in Allah ya kai mu, ƙarfe goma.